Hular Aro

A Mubi kowa ya san Mahamat da wankin hula. Rumfarsa na bayan kasuwa, jikin shagon Vandi tela, ɗakin kwanansa kuma na bayan rumfar, katifa ɗaya da buta ɗaya. Matarsa ta rasu shekarar da suka iso garin, bai ƙara aure ba. Amma a guruf ɗin WhatsApp na 'yan tsohuwar unguwarsu ta Bama, Alhaji Mahamat Mubi ake ce masa.

A gaskiya bai taɓa buɗe baki ya ce musu yana da hali ba. Tun da rikici ya watsa su, wasu Maiduguri, wasu Kano, wasu ƙetare, guruf ɗin ne ya zama musu ƙofar gida, kowace Juma'a ana tura hoto da gaisuwa. Da farko Mahamat kallo kawai yake yi, ba wanda ya lura yana ciki. Wata Juma'a ya gama gyara hular wani dillalin shanu, zanna mai ƙananan aiki, ya ɗora ta a ka don ya ga yadda sitaci ya kama, Vandi ya ɗauke shi hoto, shi kuma ya tura. Sai ga saƙonni kamar ruwan sama. Mutanen da suka yi shekaru ba su tambayi lafiyarsa ba suka tuna har sunan kakansa. Ranar bai ji shirun ɗakinsa ba.

Daga nan abu ya zama jiki. Kowace Juma'a hular wani ce a kansa, da babbar rigarsa ɗaya tilo, kuma ya samo wurin tsayawa, ƙofar wani gida mai koren get inda yake kai hulunan da ya gama. Maigadi ya ɗauke shi hoto, ya cire hular ya miƙa, ya dawo a ƙasa. A guruf ana neman shawararsa a kan aure da rabon gado, in an yi musu a ce a jira Alhaji ya yi magana. Wa zai ƙi irin wannan, mutumin da a Mubi ba a kiransa sai in hula ta yi datti?

Ana haka sai Abdulwahhab ya saka saƙon murya. Abokinsa ne tun suna yara, tare suka koyi riƙe allura a zauren mahaifin Abdulwahhab inda ake ɗinkin hula, kuma rabonsu da juna tun ranar gudu. Yanzu a Kamaru yake zaune. Ya ce ya zo ta'aziyya Maiduguri, zai koma ta Mubi ranar Alhamis, kuma a gidan ɗan'uwansa Mahamat zai sauka. A wajensu wannan ba abin neman izini ba ne, ɗan unguwarku ba ya kwana otal a garin da kake. 'Yan guruf suka hau murna, wani har ya ce a turo musu hoton falon Alhaji su ma su wanke ido.

Mahamat ya saurari muryar ya sake saurara. Ta tsufa, amma dariyar nan da take tsinkewa a tsakiya tana nan. Yana so ya ga mutumin nan, so mai ciwo, don duk Mubi babu wanda ya san sunan mahaifiyarsa. Sai ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin ɗakinsa da ke yoyo.

Ranar Laraba ya rubuta cewa aiki ya taso masa a gonarsa ta Mayo Bani, ruwa ya ɓata hanya, sabis ma babu a can, a yi masa uzuri. Ba shi da ko kunya ɗaya ta gona a Mayo Bani. Amma don kada ƙaryar ta yi yawa, washegari ya hau mashin ya tafi can ɗin, ya kashe waya, ya sami gindin wata bishiya kusa da rafi ya zauna. Manoma na wucewa suna gaishe shi da Fulatanci, yana amsawa da ɗan abin da ya iya. Wata tsohuwa ta ba shi gasasshiyar masara ba ta tambaye shi ko shi wane ne ba. Ya wuni yana kallon ruwa, yana lissafin inda motar Maiduguri ta kai, yana jin haushin kansa da haushin baƙon da bai yi masa laifin komai ba. A masallacin ƙauyen ya kwana.

Da hantsin Juma'a ya dawo. Vandi na kan keken ɗinki, bai ko ɗago kai ba ya ce, “Baƙonka ya zo fa, Malam. Nan benci ya zauna tun azahar har magariba. Na ce mu je gidana, ya ce a'a, ɗakinka zai kwana. Ni na ba shi sifiya ki, makullin da kake bari a wajena.”

Mahamat ya tambaye shi wa ya nuna wa baƙon wurin.

“Ba kowa. Ya ce da ya sauka a tasha bai tambayi gidan Alhaji ba, wajen masu wankin hula ya tambaya. Wai tun tuni ya sani. Ya ce wata Juma'a hula ya nutse har kunne, wata Juma'a ya tsaya a sama kamar zai faɗi, kuma kan mutum ba ya canja sayis kowane sati.” Vandi ya tsinke zare da haƙori. “Dariya ya yi ta yi. Daga baya kuma ya ce in nuna masa gida mai koren get.”

A cikin ɗakin an share, an naɗe bargo, an jawo katifar daga inda rufi ke ɗiga. A kan matashi akwai hula a cikin leda, sabuwa, aikin hannu irin na zauren Bama. Mahamat ya ɗora ta a ka. Ta zauna daidai, ba sai ya danna ba, ba sai ya karkata ta ba.

Ya kunna waya. A guruf Abdulwahhab ya saka hotonsa tsaye a ƙofar gida mai koren get, ya rubuta cewa ya kwana a gidan ɗan'uwansa, an karrama shi ƙwarai, sai dai Allah bai yi za su haɗu ba. Ƙarƙashi mutane na ta sa wa Alhaji albarka, wasu na tambayar hoton wannan Juma'ar da bai iso ba.

Mahamat ya kira lambar, aka ce ba ta shiga. Motar iyaka da sassafe take tashi, layin Najeriya kuma ba ya aiki a can. Ya danna wajen murya, ya kira sunan abokinsa, sauran maganar ta ƙi fitowa, ya tura haka nan. Alama ɗaya ce ta fito a jikin saƙon.

Vandi ya leƙo ya ce hular ta yi masa kyau, ko ya ɗauke shi hoto? Mahamat ya girgiza kai. Ya fito ya zauna a benci, ya tambayi Vandi ta wane gefe baƙon ya zauna. Vandi ya nuna masa, ya matsa can, waya a hannu, har aka kira salla alamar ba ta zama biyu ba.