Igiyar Mashkura

Inna Safara'u na durƙushe tana ɗaura wa jikarta Mashkura igiya a ƙafa, sai ga ɗanta Lawwali ya turo babur ƙofar gida, baki har kunne.

"Inna, kwance ɗiyag ga. Yau anka buɗe hanyar bayan gari. Tirela ba ta ƙara biyowa ta nan."

"Wa yac ce?"

"Rediyo. Kuma ni da idona na ga ƙarhen da anka gitta bakin gari."

"Rediyo!" Ta ƙara ƙulli na biyu. "Tun kana da gashi ga kai suka cewa Tarayya ta saki kuɗɗin hanyag ga. Tahi wurin aikinka."

Ba a ga laifinta ba. Gidansu a Wurno taku biyar ne tsakanin zaure da kwalta, kuma duk tirelar da ta yi lodin albasa daga Goronyo ta ƙofarsu take bi, har kwanonin ɗaki su yi ta kaɗawa. Shekara biyu ke nan da ɗaya ta taka Khalid, wan Mashkura, ya bi ƙwallon tsumma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ranar da Mashkura ta fara tafiya, Inna ta yage tsohon zanenta, ta tufka igiya mai laushi, ta ɗaure bakinta a gindin dogon yaron ƙofar gida. Mata suka yi ta tsegumi wai ta turke jika kamar akuya. Ta ji, ta yi kunnen uwar shegu.

Yau ma ta shimfiɗa tabarma a inuwa, tana ɓarar tafarnuwa, kunnenta na kan titi. Hantsi ya yi. Babura suka wuce, da jaki, da wata tsohuwar mota mai tari. Har aka kira azahar ƙasa ba ta girgiza ba ko sau ɗaya. Shirun ya dame ta. Ta ji luguden taɓarya daga wani gida, ta ji kukan tattabaru, abubuwan da ta manta akwai su a unguwar.

"Safara'u! Ina wuni?"

Mahbuba ce, maƙwabciyarta ta tsallaken titi, tana baza shanyar shinkafa a gefen kwalta hankali kwance.

"Ke Mahbuba, mi kika yi haka? Hauka kika yi?"

"Ke ta mahaukaciya! Tashi ki duba can."

Inna ta miƙe da ƙyar, ta kare ido da hannu. Can nesa, bayan fadama, ga tireloli uku a jere bisa sabuwar hanya, ƙanana kamar buzuzu, ko ƙararsu ba ta isowa. Ta daɗe tana kallo. Gani ya kori ji.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali. "Wanda duk yas sa hannu ga aikin ga, Allah shi jiƙan iyayenai."

Ta durƙusa. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori.

"To ƙawata, an sallame ki. Tahi ki gaida Mahbuba."

Mashkura ta kwasa da gudu tana dariya. Daidai inda igiya ta saba ƙarewa, inda sawunta ya share ƙasa ya yi zobe kewaye da bishiyar, ta ja ta tsaya cak. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta duba, ta waiwayo tana kallon kakarta.

Nan Inna ta ji abin ya soke ta har zuci. Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Khalid, na baƙin ciki da na godiya a haɗe, ta kasa raba su.

Ta share fuska da bakin gyale, ta je ta tsaya a wajen zoben, ta miƙa hannu.

"Taho. Babu komi."

Yarinyar ta noƙe kafaɗa. Inna ba ta ja ta ba, ta jira. Sai can Mashkura ta kama yatsanta, ta ɗaga ƙafa sama sosai kamar mai tsallake kwata, ta taka waje.

A bakin kwalta Inna ta duba dama, ta duba hagu, ta sake duba dama. Babu kowa sai wata kaza tana tsince shinkafar Mahbuba.