Likitan Haƙori Ya Koyi Faɗuwa

Shekara da shekaru Likita yana sa mutane buɗe baki, amma ko sau ɗaya ba don dariya ba. Sai da ya ajiye aikin cire haƙora ya lura cewa jikarsa tilo tana tsoronsa kamar allura. Laifinsa bai taka kara ya karya ba: wata rana ta yi masa murmushi, shi kuwa ya kama haɓarta, ya leƙa ciki, ya ce na ƙasan nan ya fara ruɓewa. Tun daga nan in ya shigo falo sai ta shige bayan kujera ta toshe baki da hannu biyu.

'Yarsa ce ta sa sunansa a ajin koyon barkwanci.

"Baba, ka je ka koyi sakin fuska. Mun kusa ƙaura. Kada yarinyar nan ta tafi tana ɗaukarka dodo."

A bayan gidan wasan kwaikwayo na unguwa ake yin ajin, cikin wani ɗaki mai fanka ɗaya da tsofaffin katifu. Malamar sa'ar 'yarsa ce, takalminta na 'yan barkwanci kuwa ya ishi mutum biyu. Ta raba wa kowa jan hancin roba. Likita ya jujjuya nasa, ya tambaya ko an wanke shi bayan wanda ya sa shi a baya. Aji ya fashe da dariya. Ya waiga ya ga ko wani ne ya yi wani abu.

"Ka ga, Baba, har ka fara," in ji malama.

"Na fara me?"

Malama ta juya ga aji. Ta ce doka ɗaya ce: duk abin da abokin wasanka ya faɗa, ka ce e, ka ɗora naka. Ta haɗa shi da wani tela mai tumbi. Tela ya ɗora hannu a ka.

"Maƙwabci, raƙuminka ya shiga banɗakina!"

"Ba ni da raƙumi."

"Baba, cewa za ka yi e," in ji malama.

"E, ba ni da raƙumi."

Tela ya zube kan katifa yana riƙe ciki. Likita, wanda gaskiya kawai ya faɗa, ya tsaya yana kallon dasashinsa.

Da ya koma gida ya zauna ya tsara labarin ban dariya mai kai da gindi, ya haddace shi tsaf. A zama na gaba ya karanto musu. Ba a ji komai ba sai ƙarar fanka.

"Yau ka yi ƙoƙari," in ji malama, "shi ya sa abin ya lalace."

Likita ya yi makarantu da dama, amma bai taɓa shiga wadda ƙoƙari ke kayar da ɗalibi ba. In ya yi magana tsakaninsa da Allah, a yi dariya. In ya nemi dariyar, a yi masa kallon mai zaman makoki.

Darasin faɗuwa ne kaɗai ya shiga kansa, don shi yana da tsari: gwiwa, ƙugu, kafaɗa, kai kada ya taɓa ƙasa. Malama ta ƙara da cewa in ka faɗi ka ɗago ka dubi 'yan kallo, su san ka ba su izinin dariya. Wannan kuwa, Likita ya ɗauke shi ado ne, irin ƙarin bayanin da ba ya fitowa a jarrabawa.

Ran da aka kawo jikar yin sallama, ya bar hancin a mota, don har yanzu ba a ba shi amsa kan wankin ba. Ya shigo falo. Yarinya ta shige bayan kujera. Ya harɗe ƙafarsa da gefen darduma, ya tafi ƙasa: gwiwa, ƙugu, kafaɗa. Bai taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba. Ya kwanta shiru yana jiran sakamako.

"Innalillahi! Baba!" 'Yarsa ta saki faranti. "Baban yarinya, kawo mota! Jininsa ne ya hau!"

Ya buɗe baki zai ce wasa ne, sai ya ji wani ɗan hannu mai danƙon alewa a kumatunsa.

"Sannu, Kaka. Ka ji ciwo?"

Ba dariya take yi ba, ko kusa. Ta durƙusa tana shafa masa furfura, tana hura masa iska a goshi yadda ake yi mata. Daga inda yake kwance yana hango haƙorin nan na ƙasa, ya ƙara lalacewa. Ya haɗiye maganar.

A waje mota ta tashi. 'Yarsa na kuka tana neman takalmi. In ya ce lafiyarsa ƙalau, za a fasa asibiti, hannun nan kuma zai koma bayan kujera.

"Ina ne ke ciwo, Kaka?"

Likita ya yi ɗan nazari, ya nuna kafaɗa.