Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Khairiyya na karatun digiri na biyu a fannin auna ilimin ɗalibai, wato yadda ake gane jarrabawa mai kyau da ta banza. Ita da kanta ta tsara tambayoyin lissafi arba'in, ta rarraba wa yara ɗari biyu na makarantun firamare, daga Ƙofar Rini har Sabon Gari.

Da ta zuba sakamakon cikin kwamfuta, komai ya tafi daidai sai tambaya ta goma sha bakwai. Yara masu ƙoƙari duk sun faɗi, 'yan baya-bayan aji kuwa sun cinye. Malamin da ke duba aikinta, Dakta Maigandi, ya ce ba zai sa hannu ba sai ta gano dalili.

Kwana uku tana jujjuya takardu. Ranar Asabar ta je gidansu a Gidan Dahala, ta tarar da mahaifiyarta, Hajjo, tana suyar masa, yayanta Sirajo na zaune yana jiran ta farko.

"Yaya, amsa mini wannan. Masa ɗaya tana nuna cikin minti uku. Masa shida fa, minti nawa?"

"Sha takwas mana!" in ji Sirajo, har da gyara hula. "Wannan ne ya hana ki sakat?"

Amsar da ita ma ta rubuta wa tambaya ta goma sha bakwai ke nan.

Hajjo ta ajiye cokali ta dube su. "Sha takwas? Wace maras aikin yi ta soya masa guda-guda? Ɗiyata, ƙirga ramun tandar ga."

Khairiyya ta ƙirga. Sun fi shida.

"To, minti ukun dai na. Tare suka nuna."

Khairiyya ta zaro takardun daga jaka. Masu ƙoƙarin nan kusan dukansu "uku" suka zaɓa. Ta fashe da dariya har da hawaye, kunya kuma ta rufe ta.

"Ke nan ni ina cikin su wa?" Sirajo ya tambaya.

"Ci masarka, Yaya."

Ranar Litinin ta kwashe labari ta faɗa wa Dakta Maigandi. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce ta cire tambayar, ta rubuta dalili a babi na uku. Tana shirin fita ya kira ta.

"Ki tambayi Hajiyarku ko tana da lokaci. Ina da ɗalibai huɗu da ban yarda da tambayoyinsu ba."