Ranar da Ilisha Ya Yi wa Surukarsa Tafinta

A shekarar da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, gonar kamfanin da ke bayan Kurmin Kogi ta shiga sallamar ma'aikata, ko tari mutum ya yi ba daidai ba sai a nuna masa ƙofa. A wannan tsukin ne Lantana, mai tsince irin masara a sito, ta kai ƙarar Sada, helman da ke kula da su. Shi ma ya kai tasa, wai ta bar aiki da rana tsaka ba izini. Kowa ya san ɗayansu zai tafi, ga shi mijin Lantana tun damina yake kwance, aikin nan ne ke ci da gidan.

Aka turo jami'ar kula da ma'aikata daga Legas, Madam Judith, wadda Hausarta ba ta wuce sannu ba. A da, idan irin wannan ta taso, tafinta ake ɗaukowa daga Zariya, baƙo wanda bai san kowa ba. Wannan karon manaja ya ce ba man motar da za a ƙona, ai ga Malam Ilisha mai kula da sito, ya yi makarantar mishan, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Manajan nan da ke tinƙaho da sanin mutanensa bai tuna Ilisha uban mijin Lantana ba ne.

Tun da aka kawo Lantana gidansu ba ta taɓa kallon idonsa ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, in ta hango shi a hanya sai ta ratse ta durƙusa. Yau kuma shi aka zaunar kusa da ita, a ofis ɗin da fankarsa ta mutu, Sada na jingine da bango yana kaɗa ƙafa.

Madam ta ce Lantana ta faɗi abin da ya faru. Ilisha ya maimaita da Hausa, idonsa a kan takalminsa. Madam ta ɗan jira, ta dubi agogo, ta ce idan babu bayani za ta ɗauka babu ƙara. Wannan ma ya fassara.

Sai Lantana ta juya wa kowa baya, ta fuskanci bango. Ta faɗi yadda Sada ya sallami sauran mata ya tsare ta, ya rufe ƙofa, inda hannunsa ya kai, abin da ya ce zai yi wa aikinta idan ta ƙi, da yadda ta fizge ta fita ba ɗankwali. Ba ta ɓoye komai ba. Kunya kamar ta kashe ta, amma ta kai ƙarshe.

Gumi ya jiƙa rigar Ilisha. Ya share wuya, ya yi Turanci gajere, bai kai numfashi biyu ba, ya rufe baki.

Lantana ba ta jin Turanci, amma ta san tsawon abin da ta faɗa. Ta waiwayo. Sada kuwa yana jin Turanci, kuma ya daina kaɗa ƙafa, murmushi yake yi.

Madam ta ce don helma ya ɗaga wa mutum murya ba a barin aiki, Lantana ta tattara kayanta, an sallame ta. Ilisha ya isar da wannan daidai, bai rage ko kalma ba.

A waje, gindin dalbejiya, Lantana ta tsaya har Ilisha ya fito.

"Baba, me ka gaya mata?"

"Na rufa mana asiri, 'yata. Maganar nan ta fita daga bakina, gobe da wane ido zan shiga coci? Mijinki fa?"

Ya tsaya yana jira ta durƙusa kamar kullum, ya sa mata albarka su tafi. Lantana ba ta durƙusa ba. Ta ɗago kai ta zuba masa ido, ta ci gaba da kallonsa, har sai da shi ya sunkuyar da nasa.