Ƙahon Baba

Ranar da aka sallami Malam Dabo daga asibitin Kankiya, maza sun fita sallar azahar, sai malamar asibiti ta tarar da Kubura tana naɗe tabarma. Kubura matar ɗansa Kamilu ce. Ita ta zo jinya, domin gwiwar Inno, uwar mijinta, ba ta barin ta shiga mota.

"Ke ce 'yarsa?"

Kubura ta sunkuyar da kai. "Surukarsa."

"To zauna ki ji, tunda shi kunnensa ya yi nauyi. In mutum ya yanke, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin jini da ke rugawa bakin ciwon, su manne da juna, su kira 'yan uwansu, su toshe wurin. Sannan jinin ya saƙa wani siririn zare a kansu kamar raga, sai ya daskare. Shi Baba, nasa a cikin jijiyar ƙafa ya daskare, inda babu ciwo, shi ya sa ta kumbura. Maganin da zai riƙa sha yana rage saƙar zaren nan. Don haka ban da reza, ban da tsaga, ban da ƙaho. In ya yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, kar a ɗaga, a kawo shi. Kin ji?"

"Na ji."

Da suka koma Yashe ta gaya wa Kamilu. Ya ce to, hankalinsa na kan takin da bai zuba wa gero ba. Ita kuma ta ɗauka ta sauke nauyi.

Bayan 'yan makonni, wata safiya Kamilu ya tafi kasuwar Kusada. Kubura na surfe a tsakar gida, sai ta ji sallamar Ummaru wanzami a zaure.

"Kai tsoho, an ce likita ya gyara ka, ga ka kana jan ƙafa kamar jakin da ya taka ƙaya!"

"Zauna, makahon wanzami," in ji Malam Dabo. "Mataccen jini ne ya saura. Ja mani shi, in ka iya ganin ƙafar."

Taɓarya ta tsaya a hannun Kubura. Ta leƙa ɗakin Inno, ta durƙusa.

"Inna, a asibiti an ce ban da ƙaho."

"Mi? Tun ba a haifi mijinki ba wanga mutum ke masa ƙaho. In kina iyawa, ga shi can, gaya mashi da kanki."

Inno da wasa ta faɗa, don ta san hali. Tun da aka kawo Kubura gidan, ban da gaisuwa ba ta taɓa ce wa surukinta komai ba, ita ma a durƙushe, fuska a gefe. Ko sunansa ba ta kamawa.

Duk da haka ta taka har bakin zaure. Ta ɗaga labule kaɗan. Ga Baba a kan buzu, ya naɗe wando har gwiwa, ƙwaurinsa a waje, Ummaru na wasa aska. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fitowa. Ta saki labulen ta koma wajen turmi, tana cewa a ranta ai tsagar ƙanana ce.

Ta ci gaba da surfe. Hira ta yi ta tafiya a zaure, can sai ta ɗauke.

"Malam, abin ga da mamaki," ta ji Ummaru ya ce. "Kullum in na cire ƙaho, guda nake zubarwa kamar hanta. Yau ruwa ne tsararo. Inno! A kawo toka!"

Kubura ba ta san lokacin da ta fizgi wankakken zane daga igiya ba. Ta faɗa zauren. Jini na bin ƙwaurin Baba daga kowace tsaga, ya jiƙa buzun. Ummaru na gogewa, yana ɗagawa ya duba, yana sake gogewa.

"Kar a sa toka," ta ce. "Kar a ɗaga."

Ta durƙusa, ta ninka zanen, ta danne ƙafar surukinta da hannu biyu. Inno da ta shigo da toka a kasko ta tsaya baki buɗe. Baba ya kawar da kai wajen bango. Kubura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta saki ba.

Ummaru ya fita da gudu ya kira Abdullatif mai mota. Har Kankiya hannunta na kan ƙafar, idonta na ƙasa.

Malamar nan ce a bakin aiki. Bayan sun ɗaure ƙafar, jinin ya tsaya, ta juyo.

"Ba ke na zaunar na yi wa bayani ba?"

Da ƙarfi ta faɗa, yadda ko mai nauyin kunne zai ji. Kubura ta dubi hannayenta da jini ya bushe a kai.

"Ki bar ta, malama," in ji Baba daga kan gado. "Na ga labulen ya motsa. Ban tambaya ba."

Wannan ya fi faɗan malamar yi mata zafi.

Da aka dawo gida ta daina bi ta zaure ko da ba ya nan. Ranar Juma'a da hantsi tana wanke-wanke, sai ta ji gyaran muryarsa a bayan zana.

"Matar Kamilu."

Ta durƙusa, ko da yake ba ya ganin ta.

"Ga makahon nan ya zo yi mani aski. Da reza fa?"

Inno ta leƙo daga ɗaki tana kallon ta. Kubura ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"A'a, Baba."

"Mi kika ce?"

Ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji.

"Da almakashi, Baba!"