Matar da ke Cikin Hayaƙi

Zulkifli bai jira torotoro, ƙaramar motar haya, ta gama tsayawa ba, ya diro a bakin kasuwar Nima, kwandasta yana aika masa da zagi cikin Twi. Ko waiwaye bai yi ba. Wayarsa sai ruri take a aljihu, ya kuma san Madam ce, mai kamfanin yawon buɗe ido da ke Osu, wadda ta ɗauke shi gwaji tun farkon damina, ba ta ce masa zauna ba, ba ta ce masa tafi ba. Yau za ta yanke. Turawa ne mota guda, wani ya kai su hasumiyar Jamestown da safe, kafin azahar kuma za a damƙa masa su ya zagaya da su Nima, ya ciyar da su waakye, shinkafa da waken nan da mutanen Accra ba sa jin sun karya sai da ita. In suka yaba, ya samu aiki. In ba su yaba ba, ya koma zaman benci da takardar makarantarsa a ƙarƙashin katifa.

Wurin cin kuwa ba sai an nema ba, teburin mahaifiyarsa ne, Mma Mulikatu, a bakin babbar gota, wato kwatar unguwar. Shi da kansa ya ɗauke ta hoto tana tsaye bayan tukunya, hayaƙin itace ya rufe mata rabin fuska. Madam ta sa hoton a shafin kamfani, tsakanin gadar igiya ta Kakum da gidan bayi na Cape Coast, kuma abin mamaki, tsohuwar ta fi su duka jawo mutane.

Ya sha kwanar masallaci, ya tsaya cak. Babu tebur, babu murhu, sai tabon baƙi a ƙasa inda wuta ta yi shekaru tana ci.

"Zulki, nan za ka duba."

Ya juya. A ɗaya gefen lungun ga shago sabo fil, fentinsa shuɗi, tayil fari tas har rabin bango, fanka tana juyawa a sama. Taliya da ƙwai da ganda da shito, soyayyen barkonon nan, kowanne a kwanonsa cikin akwatin gilashi, tukunya kuma a kan gas. Mma tana tsaye a ƙofa cikin sabuwar atamfa, tana murmushin da rabonsa da ganin irinsa tun mahaifinsa yana raye.

"Ranar Juma'a muka buɗe, kana can Cape Coast," in ji ta. "Na ce kowa ya kama bakinshi sai ka gani da idonka. Shigo mana, ka tsaya kamar baƙo."

Ya san da maganar shagon. Shekara da shekaru take zuba adashi dominsa, tun da likita ya ce mata hayaƙi yana cin ƙirjinta, amma ya ɗauka sai bayan Babbar Sallah. Gaskiya ya yi murna, murna ta har zuci. Sai dai ba ta daɗe ba, don wayar ta sake ruri.

"Sun bar Jamestown," in ji Madam da Turancinta mai sauri. "Akwai wata da babbar kyamara, tun daga filin jirgi take tambayar matar da ke cikin hayaƙi."

Ya koma gefe, ya rage murya, ya yi mata bayani. 

"Zulkifli, mutanen nan suna da tayil har a makewayinsu. Ba su tsallako teku don su ga tayil ba. Abin da ke hoton nan shi na sayar musu. Ka nemo shi, in ba haka ba ka kawo mini rigata gobe."

Ya dubi rigar, mai ruwan ɗorawa da sunan kamfani a ƙirji. Jiya da daddare ya goge ta har sau biyu.

"Mma, ina tebur?"

"Na ba Issaka mai tsire. Duwatsun murhu kuma Lamisi maƙwabciyarmu ta kwashe. Me za ka yi da su?"

Ya fara kewaye-kewaye, kamar yadda mai roƙon abin kunya yake yi, daga ƙarshe dai ya faɗa. Ɗan lokaci kaɗan ne kawai, su ci, su ɗauki hoto, su tafi.

Mma ta ajiye ludayi. "Wato in tuɓe wannan, in ɗaura tsohon zane, in koma bakin gota, don Oburoni, Baturen nan naku, ya ji daɗi? Mutanen da suka taru nan ranar Juma'a suka yi mini addu'a, har liman, me zan ce musu?"

"Aikina ne, Mma."

"Na ji. Zauna ka ci abinci."

Bai zauna ba. Zuciyarsa ta ɓaci, kuma ya san ba shi da gaskiyar ɓacin, abin da ya ƙara ɓata masa ita ke nan. Ya fice ya nufi wurin Issaka, wai ko ya karɓo teburin ya nemi wata ta zauna. Ya tarar da shi yana jera nama a kai, har ya ɗaure ƙafar da ke rawa da waya.

"Chale, abokina, kyauta ba ya komawa," in ji Issaka, bai ko ɗago ba. "Mmanka ya ba ni da hannunshi. In shi ya zo ya ce, yoo, na ba shi. Kai dai a'a."

Zulkifli ya tsallaka gada ya shiga Maamobi, yana kauce wa babura da masu kaya a ka, gumi yana bin bayansa. Akwai Husseina mai waakye a bayan asibiti, ita har yanzu da itace take dafawa, hayaƙinta ma ya fi na Mma. Ta saurare shi tana kankare gindin tukunya.

"Ɗan Mulikatu zai tsallake uwarshi ya kawo mini baƙi?" Ta yi dariya ba ta daɗi ba. "Kana so gobe Nima da Maamobi su ce na yi maka asiri? Ni da Mmanka mun yi faɗa a kan masu saye, amma ba mu taɓa faɗa a kan 'ya'ya ba. Je ka, Allah ya ba da sa'a. Abincin ma ya ƙare kwaraa, ko ƙanzo babu."

Zulkifli ya kama tafiya. Ya bi titi ya gangara Kanda, inda aka ce motar za ta tsaya a gaban babban masallaci. Yana tafe yana duba waya, yana mayarwa, yana sake ciro ta. A hanyar ne ya yanke shawara, ba don jarumta ba, don dai babu wata. Zai kai su shagon. Zai ce musu wannan uwarsa ce, hayaƙin da suka gani a hoto shi ya kusa kashe ta, ga kuma abin da ta gina da hannunta. Ya shirya Turancin a ransa, ya gyara, ya sake gyarawa, har ya fara jin daɗin kalmomin. In Madam tana son rigarta, ta karɓa. Da ya kai nan sai ya ji kamar an sauke masa buhu.

Motar ta iso, Turawa suka sauko da hulunansu da gorunan ruwa, fatarsu ta yi ja. Ya ba su tarihin masallacin a tsaye, ya ja su cikin kasuwa, ya nuna musu albasar Nijar, da goro, da kanwa, da karan dafin da ke ba waakye launinsa. Ya iya aikin, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Suna ta dariya, suna ta tambaya. Mai babbar kyamarar, wata doguwa mai furfura, ba ta rabuwa da gefensa.

"Matar fa? Mun kusa?"

"Mun kusa. Amma akwai abin da zan gaya muku tukuna."

Bai samu gaya musu ba. Tun kafin kwanar masallaci ya ji ƙaurin itace.

Shagon a rufe yake, da ƙaton kwaɗo a ƙofa. A bakin gota kuma ga tebur da ɗaurarriyar ƙafarsa, ga tukunya a kan duwatsu uku, Lamisi maƙwabciya ta durƙusa tana fifita wuta da murfin bokiti. Issaka yana can gefe da namansa a faranti a kan benci, ya kawar da kai. Mma tana tsaye bayan tukunyar cikin tsohon zanen da ya koɗe, da ɗankwalin da Zulkifli ya yi zaton an daɗe da mayar da shi tsumma. Ba ta dube shi ba.

Turawa suka yi murna, wayoyi suka tashi sama. Mutanen lungu kuma sun fito ƙofofinsu, masu ɗinki sun bar kekunansu, kowa ya zuba ido. Wani dattijo mai carbi, da ke cikin masu addu'ar ranar Juma'a, ya rage tafiya.

"Mulikatu, lafiya?"

"Gas ya ƙare, Alhaji," ta ce, tana zuba shinkafa a ganye.

Kunya ta kama Zulkifli. Duk Turancin da ya shirya ya bi iska. Ya tsaya yana miƙa musu ganye ɗaya bayan ɗaya, yana gaya musu sunan kowane abu, yana gargaɗinsu game da zafin shito. Suka ci suna lumshe ido. Mma ta juya baya ta yi tari a bakin zanenta, tari mai tsawo, sannan ta juyo ta ci gaba da zubawa.

Mai kyamarar ta durƙusa, ta miƙe, ta karkata kai. Wutar ta kama sosai, hayaƙin ya ragu. Ta buɗe baki za ta yi wa Zulkifli magana, amma Mma ta riga ta gane. Ta sa ƙafa ta tura wani ɗanyen itace cikin murhu. Hayaƙi ya turnuƙe, ya rufe mata rabin fuska, idanunta suka kawo ruwa.

"Tambaye ta," in ji Baturiyar cikin taushin murya, bayan ta ɗauki hoton da ya gamsar da ita, "mene ne babban burinta a rayuwa?"

Zulkifli ya so ya ƙirƙiro amsa da kansa, amma Mma tana kallonsa yanzu, karo na farko tun da suka iso. Ya fassara mata.

"Ka ce mata shago nake so," in ji Mma, da muryar da duk lungun zai ji. "Ƙarami ma ya isa. Mai tayil, da fanka, inda babu hayaƙi."

Ya dubi rufaffen shagon.

"Faɗa mata mana. Tana jira."

Ya faɗa mata, bai rage ko kalma ɗaya ba. Baturiyar ta dafa ƙirji, idanunta suka cika, ta ce tana fatan Mama za ta ga wannan rana. Sannan ta ja da baya don tebur da gota da hayaƙi duk su shiga hoton, ta yi ta ja har ta jingina da ƙofar shagon.