Jar Ƙwayar Gwiwata

…kuma ba zan tashi daga bencin nan ba. Su ce ana goge ƙasa, su ce lokacin dubiya ya wuce — ni dubiya na zo? Jinya na zo. Mijina ne a bayan ƙofar nan. Kai ne a ciki, Tela, da ledar jini rataye a kanka, sun ja labule, sun koro ni kamar akuyar da ta shiga shagon mutane. Ni. Ni da na san adadin tabon da ke bayanka.

Da safe ka yi amai. Baƙi, kamar ragowar ganyen shayi a gindin buta. Ni na tara maka roba. Bayan gidanka kuwa tun jiya na gan shi, baƙi ƙirin kamar kwalta, na wanke na yi shiru. Wa zan gaya wa? Mace ta ɗauki kashin mijinta tana talla a ɗakin maza? Yanzu likita ya ce jini ne. Cikinka ke zubar da jini, kuma ya ƙi tsayawa, saboda maganin tsinka jinin da suke ba ka tun da gudan jini ya toshe maka jijiyar ƙafa. Amma wai a yadda suke aunawa, maganin shi kaɗai ba zai yi wannan ɓarna ba. Akwai abin da ya gamu da shi a ciki. Yana faɗa yana kallon nas. Nas tana kallona.

Ta kalla mana. Kallo ya taɓa huda wani?

Mai Agogo nake ce mata. Agogonta a ƙirji, a kife, sai ta sunkuya take ganin lokaci. Sa'ar jikata ce, amma ta iya tsare mutum da ido. Ita ta karɓe mana gwangwaninmu ranar da aka kwantar da kai. Gwangwanin biskit ɗin nan mai murfin da ya lotse… ta girgiza shi, ta buɗe, ta ce Mama wannan ai kasuwa ce. Kasuwa! Fari na hawan jini, rawaya na mura, shuɗi na rashin barci, duk a ɓare, duk a haɗe, ni na san kowanne da fuskarsa kamar yadda na san 'ya'yana. Ba ta san dokar gidanmu ba. Ina za ta sani? Tun muna ɗaki ɗaya, mu da keken ɗinki da katifa, ka ce ciwon da ya shigo ɗakin nan namu ne mu biyu, maganinsa ma haka. Aka rubuta maka, na sha rabi. Aka rubuta mini, ka sha rabi. Har na cikina na fari ka taya ni sha, marar kunya, ka ce kai ma kana jin tashin zuciya. Mun mutu? Ga mu nan, mun aurar, mun ga jikoki.

Ta ce daga yau ko na ciwon kai ne kada ya shiga bakinka sai an tambaye ta. Wai akwai magungunan da ba sa ga-maciji da na tsinka jini, musamman na ciwon gaɓoɓi. Na ce to. To tana da nauyi ne? Magani ma ya koyi gaba kamar maƙwabta… na so in yi dariya. Jar ƙwayar gwiwata tana cikin jakata a lokacin. Tawa ce. Likitana ya rubuta mini. Gwangwani ta tambaya, gwangwani na ba ta.

Ga Injiniya can a ƙarshen baranda, waya a kunne, hannu yana sara iska. Babban ɗanka. Tumbinsa ya riga shi isa ko'ina. Yana cewa sakaci ne, an ninka wa Baba magani, sai ya ga bayan yarinyar nan, sai an tuɓe mata farar riga. Kuma sun ji tsoronsa. Na ga babbar nas ta karɓi makullin kabad ɗin magani daga hannun Mai Agogo, a gaban kowa, a gaban mai shara ma. Yarinyar ta miƙa mata shi.

Ba ni na ce ya yi ihu ba. Tun yana goye haka yake.

Kai ma ka san abin da yake jira. Tun ranar da na manta tukunya a wuta — sau ɗaya, tukunya ɗaya, ta ƙone, sai me? — yake zagayawa. Mama ta tsufa. Mama ta huta. A mayar da Baba gidansa, akwai ɗaki mai banɗaki a ciki, a ɗauko mai kula, ƙwararriya. Ni kuma in koma wajen Auta in riƙa gyangyaɗi gaban talabijin. Matarsa har ta zaɓi labule. Wata can da ba ta san kana ƙin ruwan sanyi ba ita za ta goge maka baya? Ita za ta san idan ka ce "ba komai" to akwai komai? In buɗe baki yau in ce ni na ba ka — shi ke nan, na ɗinka masa rigar da hannuna, har da maɓalli. Zai kalle ni da idon nan na tausayi. Gara ihun.

Kuma ina ma'aikatan asibitin suke lokacin da kake nishi? Bayan nan naka da keke ya cinye, shekara da shekaru a sunkuye, katifarsu mai leda kamar allon yanka. Na je teburinsu. A jira. Na koma. Ana miƙa aiki. Na sake komawa, suka kawo wata fara mai kama da alli, ka haɗiya, ka ce ko ƙaiƙayi ba ta taɓa ba. Ita Mai Agogo ta ce za ta gaya wa likita a sake dubawa… ta faɗa, ban musa ba. Amma ciwo yana jiran likita? Ka juyo da kanka, ka rage murya kamar mai neman aure, ka ce, "Mai Maɓalli, yau babu rabina?"

Wace ce za ta ji wannan ta ce babu?

Ɗaya. Bayan abincin yamma, a cikin tafin hannu, kamar ina goge maka baki. Ka yi barci har da minshari, na zauna ina jin daɗin minsharin kamar waƙa. Kashegari haka. Ɗaya tak a rana. Ni da nake shan biyu shekara nawa, jinina ya zube? Har daina sha na yi don ta ishe ka, ina hawa matakalar nan gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wannan shi ne laifin? To a rubuta.

Jini… ranar da allurar keke ta shige maka ɗan yatsa ta ɓullo ta farce. Kana ta salati, yaran shago sun watse. Ni na ɗauko filaya na zare ta. Jini ya yi tsartuwa kan shaddar mutane, na danne da ƙyalle, kafin a ce haka ya tsaya. Ka ce jinin tela ba ya ɓarna, ya san tsadar yadi. Yanzu ina wayon nasa? Shekaranjiya da Mai Agogo ta zare maka allurar ruwa, auduga bayan auduga… ta tsaya tana kallon hannunka. Ta ga shatar nan shuɗiya a damtse. Ta ɗaga maka leɓe ta ga dasashi. Ta tambaye ni tun lokacin, ba zan yi mata ƙarya ba, ta tambaya. Na ce buroshi ne, da ƙarfi kake gogawa. Ta kira likita, aka ɗebi jininka, aka rage nasu maganin. Nasu suka rage. Nawa yana jaka.

To su yi wa mutum bayani mana yadda zai shiga kai! Ba sa shiri, ba sa shiri — wa ya ce mini huda ciki yake yi? Wa ya ce ɗaya yana ƙwarzane tumbi, ɗayan yana hana ƙwarzanen warkewa? Yau da likita ya faɗa wa Injiniya, da yake shi mai takalmi ne, na ji sarai, na gane tsaf. Ni ba jaka ba ce. Ba wanda ya sa ni a aji, da allunan shaguna na koyi karatu, da bayan kwalin zare, ina haɗa baƙi da baƙi kana yi mini dariya. Takardar da ke cikin kwalin maganin kuwa, rubutu kamar ƙafar tururuwa, an naɗe ta kamar ba a so a buɗe… da ita nake kunna risho.

Ta faɗa, dai. Na ciwon gaɓoɓi. Da bakinta ta faɗa.

Yi mini shiru, zuciya.

Ɗazu Mai Agogo ta fito. Ba makulli, ba tiren magani, hannu biyu a sake kamar wadda aka yi wa fashi. Ta durƙusa a gabana, a kan ƙasar nan mai warin maganin goge-goge, ta ce, "Mama, ba don kaina nake tambaya ba. Idan mun san abin da ya sha, da yawansa, mun san abin da za mu tare. Kin ba shi wani abu?"

Na ce, "Ke ce mai agogo, ke ce mai tire. Ni tsohuwa me na sani?"

Ta daɗe tana kallon jakata. Ba ta taɓa ba. Da ta fizge ma da na ji daɗi, da na samu abin faɗa, da na tara mata jama'a. Sai ta miƙe ta ce Allah ya ba shi lafiya. Ta koma ciki, wajenka — ita da aka ƙwace wa makulli saboda kai. 'Yar wani ce. Wata tsohuwa can ta yi ta addu'a har yarinyar ta sa farar rigar nan…

Ba ruwana. Kowa ya ji da nasa. Ni mijina nake karewa.

Daga wa?

Ɗaya a rana ce fa. Bari ma in gani da idona, in kwantar da raina. Sabon kwali ne, Auta ta kawo mini ana gobe za a kwantar da kai, ko rabin katin farko ba mu… zip ɗin nan kullum sai ya cije. Carbi. Man zafi. Hular da ka ce in ajiye. Ga kwalin.

Ba nauyi.

Katin farko — wayam. Na biyu… Tela. Tela! Ta baya aka tsaga su, da farce, siririyar tsaga a miƙe kamar an bi alli, aka shafe ledar ta koma lumui, aka jera su cikin kwali yadda suke. Wannan aikin hannu na san shi. Hannun da ke farke ɗinki ba a ga wurin ba. Duk safiya in tafi wanka in cusa jakar ƙarƙashin filonka, in ce ka kula mini da ita, ka ce je ki, Mai Maɓalli, ɓarawo sai ya bi ta kan gawata. Ashe kura na ba ajiyar nama. Kana kwance kamar ba ka iya ɗaga cokali, ni ina ɗingishi a matakala don in rage maka, kai kana… nawa? Biyu? Uku a tashi ɗaya? Tun yaushe? Shi ya sa ka daina nishi da rana. Ni kuwa ina ta murna, ina cewa hannuna ne mai albarka.

Rabi muka ce. Rabi! Ka cinye naka ka cinye nawa, tsohon banza, kuma ka kwanta ka bar ni da amsa tambaya.

Da yawansa, ta ce. Da yawansa. Ni da na san komai naka ban san wannan ba. Su kuwa suna can suna aiki da lissafin da ba shi ne ba, suna laluben duhu a cikin cikinka…

To. Injiniya ya ji. Ya ji da kyau, a gabansa zan faɗa, ba a ɓoye ba, ya kira matarsa ta rataya labulen. Ya ɗauke ka ɗin. Ya ga in ba zan bi motar da ƙafa ba, in shimfiɗa tabarmata a ƙofar ɗakin mai banɗaki, ƙwararriyar ta riƙa tsallake ni. Amma sai kana da rai za a yi wannan faɗan, ka ji ko? Ba za ka mutu ka bar ni da bakin yara ba. Ba za ka mutu ban zage ka ba. Kuma makullin yarinyar nan, a gabana za a mayar mata.

Tashi. Ke gwiwa, tashi mana… yau ma? Yau da na fi bukatarki? Ko ƙwaya ɗaya bai bar miki ba.

Ƙofa ta buɗe. Ga nas ɗin can, ta juya baya, tana sauri, ta nufi wancan ɓangaren. Sunanta ma ban taɓa tambaya ba. Mai Agogo… 'yar nan… ba ta ji ni ba. Na ɗaga hannu, katin yana walƙiya a hasken taga, fanko.

Injiniya ya sauke waya daga kunne. Ni yake kallo.

Ke, Mai Agogo, ki juyo. Ki riga shi isowa.